Baƙaƙen Kara da Mangalar Taki

Ranar da aka zauna kan maganar jikana a zauren gidanmu, ga waɗanda suke wurin. Akwai ubansa, babban ɗana, yana zaune a bakin tabarma yana tonon ƙasa da tsinke. Akwai baffan yaron, autana, wanda ya zo daga kasuwar Dawanau da sabuwar hula, jikinsa na warin buhu. Akwai malamin makarantar boko, wani saurayi siriri ɗan birni, ya jingine kekensa a ƙofar gida. Uwar yaron ba ta shigo ba, tana ta ciki a jikin bangon zaure, tana tankaɗen garin da na san ta riga ta tankaɗe. Ƙanin yaron ya leƙo, na kore shi. Sai shi kansa yaron, a rakuɓe a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Sai ni.

Magana ɗaya ce ta tara mu: ko yaron ya ci gaba da makaranta, ko baffansa ya tafi da shi Dawanau ya koyi ɗinkin buhu.

Ɗan fari ne. Uwarsa ba ta kallonsa a gaban mutane, ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce yaron nan. Ana yaye shi aka kawo mini, a ɗakina ya tashi. Ni ma ɗin ban taɓa faɗin sunan ba, domin sunan marigayi mijina aka sa masa. Maigida nake ce masa. Shi kuma in ya ƙoshi ya ce mini Tsohuwa, in yana jin yunwa ya ce Iya. A shekarun da nake ba da labarinsu, Iya ya fi kira.

Shekarun nan ne da ruwa yake ɗaukewa tun gero bai gama ido ba. Rumbu ya kan ƙare tun rani bai raba ba, sai a koma kwaɗon rama da tafasa da ɗan abin da aka samo a kasuwa. Takin zamani kuwa ya fi ƙarfin irinmu, sai dai mu ji labarinsa. Mu nan ƙasar Tsanyawa ba ma hutar da gona, don babu inda za a matsa. Iyakarka iyakar maƙwabcinka, 'yar gamba ce kawai a tsakani. Gonar da ba ta ci taki ba, ƙuduji mai kashe gero za ta ba ka. Saboda haka daga an gama kaka har ruwa ya sauka, duk abin da aka share daga turken awaki, da toka, da sharar gida, sai an loda a mangala an kai gona a kan jaki. Uban yaron ba ya nan da safe. Yana idar da sallah yake kama hanyar Bagwai, inda yake ƙwadago a lambun wani a bakin ruwa, kuma da wannan ƙwadagon muke ci. Kai taki sai ya zama aikin Maigida tun bai kai tsawon jakin ba. Ya kai, ya juye, ya dawo, ya wanke ƙafa, sannan ya ɗauki littafi ya tafi makaranta.

Ni ban yi boko ba, amma na san yadda ake yinsa a garinmu, don daga rijiya ana jiyowa. Malam ya tsaya a gaba ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, ya sake faɗa, su sake amsawa. Muryar Maigida nakan tsinta a ciki, don ya fi kowa buɗe baki. Da la'asar in ina kaɗi a ƙofar ɗaki, sai ya zo ya zauna ya buɗe littafi ya yi ta zuba, babu tuntuɓe. Ina murza mazari ina cewa Allah Ya yi albarka. A haka ya kai aji biyar.

To sai albashi ya riƙa makara, malamai suka riƙa raguwa. Wani ya koma gona, wani ya koma tireda. Ana nan aka turo wannan saurayin daga Kano. Abin da ya fara yi bai yi kama da koyarwa ba. Ya ɗauki benci ya kai gindin darbejiya, ya riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ya nuna masa takarda ya ce karanta. Da ya gama da su duka, sai ya rushe ajujuwan a darasin safe. Ya ware waɗanda suke karatu sosai wuri guda, waɗanda suke haɗa baƙi da ƙyar wuri guda, waɗanda ko baƙin ba su gane ba wuri guda. Bai duba shekaru ba, bai duba tsawo ba.

A bakin ƙanin na ji inda aka sa Maigida. Yana aji biyu a lokacin, ya shigo da gudu yana tsalle.

"Iya, Iya! Yau ni na koya wa Yaya karatu. Malam ya ce in riƙa nuna masa. An sa shi cikin 'yan ƙanana, ni na fi shi!"

Na ce ya rufe mini baki kafin in rufe masa. Na juya na ga uwarsu ta shige ɗaki kamar ba ta ji ba. Ranar Maigida bai ci tuwo ba. A shekarun nan, in yaro ya ture ƙwarya, ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan ya daina zuwa, amma bai faɗa ba. Sai na ga jaki yana daɗewa bai dawo ba. Na ga rigarsa babu farin alli. Na ga yana shigowa gida daidai lokacin da 'yan makaranta ke tashi, amma ta bayan gari yake ɓullowa, ba ta hanyar masallaci da 'yan makaranta ke bi ba. Ban ce masa komai ba. Ni ba na tambayar yaro abin da na riga na sani, don koya masa ƙarya ne.

Na yafa mayafi na tafi makarantar da kaina. Ɗakin da suke ciki iska ta yaye rabin kwanonsa, yara a ƙasa suke zaune. Na tsaya ta taga na daɗe ina kallo ba a gan ni ba. Babu kowa a gaban allo. Malam yana tsugune a tsakiyar yara, gwiwar wandonsa duk ƙasa. Wata yarinya tana jera 'ya'yan tsamiya tana ƙirgawa. Wasu uku sun haɗa kai a kan littafi guda. Wani yana zane da yatsa a cikin yashin da aka zuba a faifai. Akwai ɗan maƙwabcinmu da ciwon sanƙarau ya taɓa wa kunne, na ga duk sanda Malam zai yi masa magana sai ya zagayo ta gefen kunnen mai ji, ya bar yaron ya kalli bakinsa. Wannan na lura da shi na ajiye. Amma ban fasa abin da ya kawo ni ba.

Na yi sallama, ya fito.

"Malam, kai ne ka mayar da ɗan aji biyar cikin masu majina?"

"Ni ne, Iya. Sannu da zuwa. Kai, kawo wa Iya benci."

"Ba zama na zo yi ba. Laifin me ya yi maka?"

"Bai yi mini laifi ba, Iya. Karatun ne bai iya ba."

"Yaron da yake karanta mini littafi kullum la'asar?"

"Haddacewa ya yi. Kansa na da kyau ƙwarai, shi ya sa aka daɗe ba a gane ba. Abin da ya ji sau ɗaya ya riƙe. Amma in na nuna masa baƙi guda na ce mene ne wannan, sai ya kalli bakina yana jira in faɗa."

Ya ce darasin karatu shi ne na farko da safe, Maigida kuwa kullum sai an kusa gamawa yake isowa, kuma da ya bincika, haka yake tun yana aji ɗaya. Ya ce ban da haka, baƙaƙen suna juye masa a ido, wanda ya kalli gabas ya gan shi yana kallon yamma. Ya ce ya gwada shi da alli bai zauna ba, ya gwada shi da yashi bai zauna ba. Sai wata rana ya gan shi a bayan aji yana haɗa motar kara, da ƙofofinta da tayoyinta, har da ɗan tsanin hawa. Sai ya zana masa baƙi guda a ƙasa ya ce ya haɗa masa irinsa da kara.

"Iya, duk wanda ya haɗa da hannunsa, bai sake manta shi ba. Mun fara ke nan ya ɗauke ƙafa."

Na ce, "Wato wasan kara ka kira shi yi."

Ya ce, "In da shi zai iya, da shi za mu yi."

Na juyo gida. Da la'asar na ajiye mazari, na ce, "Maigida, zo ka karanta mini." Ya ɗauko littafin ya zauna ya fara zuba kamar kullum. Wannan karon ba auduga nake kallo ba, idonsa nake kallo. Idon ba ya kan takarda, yana can kan jinkar rumbu. Na sa hannu a hankali na juya masa shafi, na sake juya wani. Bai tsaya ba, bai ma sani ba. Da ya kai ƙarshe na ce Allah Ya yi albarka, rufe.

Bayan 'yan kwanaki ina neman abin hura wuta a bayan rumbu, na tura hannu cikin wani fasasshen tulu da muka jefar, na ji kara a ciki. Na zazzage. Wasu abubuwa ne aka haɗa da totuwa da ɓawon kara, an soke su da kyau kamar yadda yara ke haɗa mota. Wani kamar gwafa, wani kamar ƙugiya, wani kamar ƙwarya a kife, wani sanda ce kawai da ɗan ƙwallo a samanta. Saura kaɗan in kai su murhu. Sai na duba yankan. Na ƙasa sun yi ƙura, sun dafe. Na sama kuwa fari tas, sabon yanka, wasu ko kwana biyu ba su yi ba. Ashe yana can gona yana ɓuya daga makaranta, yana kuma yanka baƙaƙen makarantar. Na mayar da su yadda na same su.

A makon ne autana ya zo daga Dawanau, ya ji labari a bakin ƙanin, ya ce a ba shi yaron. Uban ya bar mini maganar. Ni na aika aka kira Malam, shi ne muka zauna a zaure bayan la'asar.

Baffan ne ya fara. Shi mutum ne mai baki tun yana yaro.

"Inna, Yaya, ni gaskiya zan faɗa. Yaron da ya kai aji biyar bai gane ko alif na boko ba, ai an gama magana. A ba ni shi. Ubangidana na neman yaro mai hannu, wannan kuwa hannunsa kamar na tela. Zai ci ya ƙoshi, zai sa sutura, in Allah Ya sa albarka har ya aiko da 'yar tsaba. Ku kuma baki ɗaya ya ragu a kan ƙwarya. Ko ƙarya na yi?"

Bai yi ƙarya ba. Duk wanda ya ga tukunyarmu a shekarar nan ya san bai yi ƙarya ba.

Ya juya wajen wansa. "Yaya, ka yi magana mana."

Uban bai ɗago ba. Ya ce, "Yaron Inna ne." Ya ci gaba da tonon ƙasa. Ko yana so ko ba ya so, ba zai buɗe baki ya roƙa wa ɗan fari komai a gaban mutane ba, ni na haife shi na sani. Duk wanda zai tsaya wa yaron nan a zauren, in ba ni ba, babu.

Na dubi Malam. Na ce, "Kafin ka ce komai, ina da tambaya. A gidanku, ƙani ne yake zaunar da wa ya ce masa faɗi in ji?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, Iya. Gani na yi gidansu ɗaya, za su riƙa yi tare in sun koma. Ban auna ta nan ba. Wannan na janye shi." Sannan ya ɗago. "Amma Iya, kar in yaudare ki. Ko na raba shi da ƙaninsa, ba zan mayar da shi cikin masu karatu ba. In na mayar da shi, ihun zai koma yi tare da su, ya gama aji shida ya fita yadda ya shigo. Daga inda yake za mu fara, ba daga inda tsawonsa yake ba."

Na so ya lanƙwasa don in ga irinsa. Bai lanƙwasa ba. Wannan ma na ajiye.

Baffan ya yi dariya. "To Malam, a ce ya iya ɗin. Aikin me za a ba shi? Kai da ka iya har kana koyarwa, ga kekenka can ko birki babu, da ƙafa na ga ka tsayar da shi."

Malam ma ya yi dariya. "Birkin yana nan, Alhaji, albashi yake jira."

"Ka ji ko! Har ka ba ni Alhaji, Allah Ya amsa."

"Amin. Ni ban yi wa kowa alkawarin aiki ba. Abin da na ce, yaron nan zai iya karatu. In ya iya, ko Dawanau ɗin ya je, ba sai ya tambayi wani abin da aka rubuta a jikin buhu ba."

Baffan ya gyara hula. Na juya wajen ƙofa.

"Maigida."

"Na'am, Iya."

"Dawanau ko makaranta?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Dawanau."

"To. Tashi ka je bayan rumbu, akwai fasasshen tulu, ka ɗauko mini shi."

Sai a lokacin ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ya tashi kamar wanda aka ɗaura wa dutse a ƙafa. Da ya dawo ya ajiye tulun a gabana, na ce ya zazzage. Malam ya matso ya tsuguna, ya riƙa ɗagawa ɗaya ɗaya yana juyawa.

"Waɗannan ban koya maka su ba. A ina ka gani?"

"A littafi," in ji shi, murya can ƙasa. "Ban san sunansu ba. Kwaikwaya na yi."

"Bari waɗannan tukuna. Ware waɗanda ka sani."

Ya ware su gefe, ba su da yawa. Malam ya ce ya haɗa mana wata kalma da su, kowace ya ga dama. Ya daɗe. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan, bakinsa na motsi. Ya sa wani, ya dube shi, ya shafa shi da yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya juya shi ya kalli ɗaya gefen. Malam ya rungume hannu bai taimaka masa ba. Na lura rariya ta yi shiru a bayan bango.

Da ya gama ya ja da baya, ya koma bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Guda huɗu ne a jere a kan ƙasa. Ni dai kara nake gani. Na ce wa baffan, tunda ya ɗan taɓa makaranta, "Kai mai baki, me aka ce a nan?"

Ya leƙo, ya karkata kai, sai ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"Jaki! Wallahi jaki ya rubuta. Inna, mijin naki ya rasa wanda zai fara rubutawa duk duniya sai abokinsa. Ke ko kishi ba kya yi?"

Na ce, "Jakin ya fi ka zuwa gaishe ni."

Ana cikin dariyar na saci kallon uban. Tsinken ya tsaya a hannunsa. Idonsa na kan karan, leɓensa na motsi a hankali, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ji ina kallonsa sai ya kawar da kai ya dubi azara.

Malam ya ce, "Ga abin da nake roƙo. A ba ni shi da sassafe, rana na fitowa, kafin sauran yara su zo. Ni da shi kawai, babu mai ganinsa. In an buga ƙarfe kuma zai zauna da ƙananan nan dai, amma ba a matsayin ɗayansu ba. Shi zai riƙa haɗa musu baƙaƙen kara, don ba ni da littattafan da za su ishe su, ni kuma hannuna bai iya ba. Duk wanda ya haɗa musu, shi zai faɗa musu sunansa. Sai ya sani kafin ya faɗa, ka ga dole ya riga su."

Maigida ya shigo da ɗaya ƙafar cikin zaure.

Sai uban ya yi magana, ba tare da ya dubi kowa ba. "Takin fa?"

Sassafen da Malam ke nema shi ne sassafen jaki. Rabin gona ba ta ga taki ba tukuna, ga zafi ya fara, ruwa na iya sauka kowane lokaci. In uban ya tsaya kai taki, ƙwadagon Bagwai ya tafi, tukunya ta tafi da shi. Ƙanin bai isa ya ɗaga bakin mangala ba, kuma ba zan cire wani yaro daga darasin safe don in sa wani ba, tunda na ji abin da hakan ya haifar. Uwarsu matar aure ce, ba ta fita. Da yamma kuwa jakin na ɗibar ruwa, rijiyarmu ta ƙafe sai an je nesa.

Baffan ya buɗe hannu. "To kun gani. Ba ni na faɗa ba."

Na ce, "Za a kai taki."

"Wa zai kai, Inna?"

"Na ce za a kai."

Suka kalli juna shi da wansa. Sun san in na faɗi magana sau biyu ba na faɗa ta uku. Baffan ya numfasa ya ce shi ke nan, amma in an yi shuka an yi noman farko yaron bai karanta masa abin da zai nuna masa ba, zai dawo ya tafi da shi, kar a ce ya yi zalunci. Na ce na yarda. Malam ma ya ce ya yarda. Aka shafa fatiha.

Ban sake tambayar Maigida Dawanau ko makaranta ba. Na ga yadda ya tsuguna yana kwashe karan ɗaya ɗaya, yana hure musu ƙasa kafin ya mayar cikin tulu.

Washegari da na idar da sallah, na ɗaura tsohon zanen da nake shiga turke da shi, na ci ɗamara da mayafi. Uban ya riga ya kama hanyar Bagwai. Na tashi Maigida. Ya fito yana mutsuke ido ya nufi jaki kamar kullum, na ce ɗora masa akumari da mangala ka riƙe mini baki. Na riƙa ɗebo taki da kwando ina zubawa, gefe da gefe don kar ta rinjaya. Da ta cika na miƙa hannu na ce ba ni sandar.

Ya ja da baya. "Iya, ke?"

"Da wa?"

"Mutane za su yi dariya."

"Kai ma an yi maka, ka mutu? Ba ni."

Ya ba ni. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Kar ki doke shi a ka, tsayawa zai yi. Taɓa masa wuya kawai ta gefen da ba kya so ya bi. In kun zo wajen kukar nan zai so ya ratse gonar mutane, ki riga shi." Ya nuna mini wani ɗan sauti da yake yi masa da harshe. Na gwada bai fita ba. Ya sake yi, na sake gwadawa. Ya ce, "A'a, Tsohuwa, harshen a sama za ki manna." Sai da na yi ya yi masa daidai sannan ya ƙyale ni. Na ce ɗauki tulunka ka wuce. Uwarsa ta turo ƙanin da ɗan ƙanzo a leda ya ba shi, wai ita ba ta san na wane ne ba.

Muka fita ni da jaki. A ƙofar masallaci tsofaffi na zaune suna jiran rana. Wani sa'an marigayi, wanda muke wasa da shi tun ina amarya, ya ɗaga murya.

"Ikon Allah! Yau kuma me zan gani? Maza sun ƙare a gidanku ne?"

Na ce, "Suna nan, aiki ya yi musu yawa. Na ƙofar masallaci ne suka ƙare."

Aka yi ta dariya, ban waiwaya ba. Jakin ya tsaya mini a hanya, na yi masa sautin nan, ya kaɗa kunne kamar yana tunani, sannan ya tafi. Wajen kuka ya so ya ratse, na riga shi.

Hanyar gonarmu ta bayan makaranta take bi. Keken Malam na jingine a jikin darbejiya, babu yaro ko ɗaya a fili. Ta tagar da babu murfi na hango kawuna biyu a sunkuye a ƙasa, da kara a baje a tsakaninsu. Ban tsaya ba, don in jakin ya tsaya tayar da shi aiki ne.

Na isa gona, na nemi inda tarin jiya ya ƙare, na matsa gaba kaɗan. Na kama gindin mangala na ɗaga, bayana ya amsa, takin ya zube. Na kakkaɓe ta na mayar, na juya kan jaki muka koma gida ɗebo wani.